Ƙafar Bawul

Da na isa bakin coci ranar Lahadin nan ta 1974, an riga an fasa wa Luke baki, an ɗaure shi da igiyar ƙararrawa a jikin mangwaro. Luke mai kaɗa jita ne a bukukuwa. Ni kuwa Meshak ne, mai gyaran rediyo a bayan tashar jirgi, kuma duk Kafanchan an san hannuna.

Abin da ya faru shi ne, an zo kunna amfilifayar coci, na'urar ƙara sauti, da safe aka tarar an zare bawul huɗu, waɗannan 'yan kwalaben da ke yin ja a ciki idan sun ɗauki wuta. Aka bincika jakar Luke, sai ga huɗu a kwali.

"Sababbi ne! Na amfilifayar jitata ne! Wurin Meshak na saya!" Haka yake ta ihu, jini na bin haɓarsa.

Celestine, ma'aikacin sigina na reluwe, shi ya ɗaga ɗaya sama yana nuna wa jama'a. Mutumin nan ya cika son a ce ya sani, amma abin haushin, ya sani ɗin.

"Ku duba kan gilas. Sabo yana da azurfa kamar madubi, wannan ya yi duhu. Ku duba ƙafa, ga karce inda ya shiga soket. Wannan ya sha aiki."

Wani ya sauke wa Luke faskare a gwiwa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Wata mata da ke riƙe da littafin waƙoƙi tana cewa a kawo kananzir.

Dattijo Andrawus ya juyo gare ni. "Meshak, kai ne ka sayar masa?"

Ni na sayar masa. Shekara biyar ina tsintar tsofaffin bawul daga rediyon da suka mutu, in wanke ƙafafunsu da toka da lemun tsami, in goge gilas, in sa a sabon kwali. Rabin mutanen da ke wurin da irinsu suke jin labarai a gida. Da na ce a'a, da na koma shagona lafiya. Kuma sai da na buɗe baki zan ce a'a. Tsoro ne ya cika ni, ba wani abu ba.

Aka zo da galan ɗin kananzir.

Na ce, "Oga Celestine, ka sake duba ƙafan. Wanda aka cire jiya daga amfilifaya, ƙafansa baƙi ne da datti. Wannan yana ƙyalli. Sa a harshe."

Ya lasa, ya yamutsa fuska. "Tsami."

"Lemun tsami ne da toka. Ni na wanke. Tsoho ne, amma ba na coci ba ne. Haka nake yi wa kowa."

Ina kallonsu kowa yana tuno rediyonsa. Wanda ya fara kai mini naushi wani malamin makaranta ne da na gyara wa rediyo sau uku a wata guda. Suka kayar da ni, takalma ta ko'ina, bakina cike da ƙasa. Mai faskaren nan ya taka mini wuyan hannu, ya tambaye ni da wane hannu nake wankin. Bai jira amsa ba. Sau uku ya sauke faskaren a kan na dama.

Ƙarar motar 'yan sanda ce ta watsa su. Bawul ɗin coci kuwa har yau ba a san wanda ya zare ba.

Yatsuna uku sun warke a karkace, ba sa riƙe ƙarfen walda. Luke yana wucewa ta ƙofar shagona da sandarsa, yana jan ƙafa. Mutane suna cewa ni na ceci ransa. Shi bai taɓa yi mini godiya ba, ni ma ban taɓa jira ba. Ya san sai da na bari aka karya gwiwar kafin na yi magana.