Takaba a Hawa na Tara

Bulon farko ya sauko daga saman bene ya dira a kan motar magina, gilashinta ya tarwatse har cikin ciyawa. Biba na tsaye a bakin tagarta a hawa na tara. Ta ga magina sun watse kamar kaji, sai guda ɗaya da ya tsaya yana ɗaga kai wai sai ya ga mai jifa. Ɗan Juma ke nan, mutumin Maraɗi, wanda taurin kai ya biyo shi tun daga gida. Bulo na biyu ya kuskure shi da kaɗan. Kafin ya juya, samari sun fito daga ƙofar shiga, fuskoki a rufe, suka yi masa rubdugu da ƙafa da guntun ƙarfe har ya daina kare kansa.

"Innalillahi," in ji Biba, ta ƙara matse wuƙar da ke hannunta.

Wuƙar ba ta kai tsawon yatsa ba. Da ita mijinta, Malam Sabo, yake yanka goro, kuma tun ranar da aka binne shi ba ta bar jikin Biba ba. Tsofaffin garinsu Tasawa sun ce mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe, don mamaci kan dawo neman matarsa. Wani malami a unguwar Barbès ta Paris ya aiko mata cewa wannan ba ya cikin addini. Ta ce a gode masa. Uwarta ta riƙe wuƙa, kakarta ta riƙe, ba ita za ta fara ajiyewa ba, balle a ƙasar da ko kabarin mutum sai an hau bas biyu ake kai masa ziyara.

Ginin nan da ake kira Bloc C an yanke masa hukuncin rushewa tun ɗanta Youssouf yana ƙaramar makaranta. Amma kafin a rushe gini a ƙasar nan sai ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin gari, a kira taro, a ji ra'ayin mazauna, 'yan majalisa su ɗaga hannu. Duk lokacin da aka kusa gamawa, sai gwamnati a Paris ta fito da sabuwar doka, a ce tsarin bai dace da ita ba, a koma farko. Malam Sabo bai taɓa fashin taron ba. Zai sa babbar rigarsa, ya zauna a layin gaba, ya dawo da amsa guda wadda har yaran bene suka mai da ita abin tsokanarsa: "Ba a sa rana ba."

Shi kuwa ginin da za a rushe, wa zai ɓata kuɗi a kansa? Asansar, wato lif mai hawa da mutane bene, ya lalace aka ce a yi haƙuri, ai an kusa tashi. Aka kwashe maƙwabta kaɗan kaɗan, ɗakuna suka zama kango, masu sayar da ƙwaya suka mai da su wurin ajiya. Wata ranar Juma'a Malam Sabo ya dawo daga masallaci da buhun shinkafa a kafaɗa, zuciyarsa ta tsaya a tsakanin hawa na shida da na bakwai. Biba ba ta yafe wa matakalar nan ba, ba ta kuma yafe wa masu taro ba.

Abin haushin, sai da ya mutu sannan aka sa rana. Madam Cécile, mai kula da sake wa mutane matsuguni, ta hawo da kanta tana haki, ta ce kafin ƙarshen wata sai kowa ya fita, magina za su toshe ƙofofi da bulo. Biba ta ce ita tana takaba, wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijinta, kuma ko rabi ba ta yi ba. Cécile mace ce mai kirki, ta ce za ta kai maganar gaba. Aka tashi duk wanda ya saura a hawa na tara, Biba ta tsaya ita kaɗai.

Salula ta yi ƙara a kan tabarma. Youssouf ne, wanda ke karatun injiniya a Villeurbanne, can Lyon.

"Inna, ina kwana. Na sauka jirgin Lyon, ina cikin RER, jirgin unguwa. Ki haɗa kayanki, yau ɗin nan zan kai ki wajen Tanti Leïla."

"Wa ya ce ka baro karatunka? Ni ba ni tahiya ko'ina."

"Inna, c'est dangereux, akwai haɗari! Yau za su toshe ɗakuna, yaran nan masu ƙwaya ba za su yarda ba. Kayansu na ciki."

"Sun riga sun hwara. Ga Ɗan Juma can kwance cikin jini."

Ya ce, "Ki kulle ƙofa. Kar ki buɗe wa kowa. Ina zuwa."

"Kai yaron nan, kar ka shigo. Ka ji mi na ce?"

Ya riga ya kashe. Ɗan fari ne, don haka tunda ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Kai yaron nan, ko mai Lyon, shi ke nan. Yana yaro ya sha yin fushi, ya ce uwayen abokansa har sumbatar 'ya'yansu suke a ƙofar makaranta. Ta ce ya je su haife shi.

Kafin azahar motocin 'yan sanda suka cika filin. Suka sauko da garkuwa da hular ƙarfe, suka yi layi. Daga saman bene aka yi musu ruwan bulo, da kwalabe, da wani tsohon firiji da ya wuce ta gaban tagar Biba yana juyi, ya fashe a ƙasa da ƙarar da ta girgiza kwanukanta. Aka ja Ɗan Juma ta ƙafa zuwa bayan mota, kansa na jan ƙasa. Sai barkonon tsohuwa ya tashi. Wani ya cinna wa kwandunan shara wuta a ƙasan matakala, hayaƙin roba ya biyo bene yana hawa.

Biba ta rufe taga, ta jiƙa zane ta cusa a ƙarƙashin ƙofa. Idanunta na zubar da ruwa, maƙogwaronta na ƙuna. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka hawo da gawar Malam. Ta yi alwala da wuƙar soke a ɗaurin zane, ta yi sallah, ta zauna a kan tabarma ta mai da wuƙar hannu.

Daga nan ta fara jin 'yan sandan. Sun shigo ginin, suna bi hawa hawa suna fasa ƙofofi. Duka ɗaya, biyu, ƙofa ta faɗi, a yi ihu, a wuce ta gaba. A ƙasa da ita wani yaro ya yi ta kururuwa yana kiran uwarsa, aka ji jiki na bugun bango, sai kuma shiru. Takalma suka iso hawa na tara. An gaya musu babu kowa a nan sai masu jifa, kuma ɗaya daga cikin 'yan sandan an fasa masa kafaɗa da bulo, don haka ba da sallama suka zo ba.

"Police! Ouvrez!"

Muryar namiji ce, yana cewa a buɗe. Mai takaba ba ta ɗaga murya ga namijin da ba nata ba, kuma ɗanta ya ce kar ta buɗe. Ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ƙofar da Malam Sabo ya yi wa fenti da hannunsa ta tsage daga wajen makulli, ta faɗo ciki.

Mutum uku suka shigo cikin hayaƙi. Na gaba yaro ne, bai girmi ɗanta ba, idonsa jajur a bayan gilashin hula. Ya ga mutum lulluɓe, ya ga ƙarfe na walƙiya a hannu.

"Couteau! Lâchez le couteau!"

Faransancin Biba na aikin shara ne da na kasuwa, amma wannan ta gane shi. Cewa suke ta ajiye wuƙar. A ɗakin Malam, ƙofa a buɗe, ta ajiye? Yatsunta suka ƙi. Sai ta yi abin da ta ga ya fi hankali, ta ɗaga wuƙar sama ta miƙa gaba don su ga ƙanƙantarta, su gane ta goro ce.

"Mon mari," ta ce a hankali, "mon mari mort." Wato mijinta ya mutu.

Bakin bindigogi suka taso gaba ɗaya. Na gaban yana ihu, na bayansa yana ihu, kowa na faɗin nasa, ita kuma ta ƙara taku ɗaya don ta yi bayani.

"Tirez pas! C'est ma mère!"

Youssouf ne, yana ihu kar su harba, uwarsa ce. Ya faɗo daga matakala, rigarsa a yage, ba jaka, takalmi ƙafa ɗaya. Yadda ya keta layin da ke ƙasa Allah kaɗai ya sani. Ya ture na bayan da kafaɗa, ya kutsa ya shiga tsakaninsu da uwarsa, hannuwa a sama. Ba su ga ɗalibi ba, sun ga wani ya afko musu ta baya. Bindigar harsashin roba ta tashi a cikin ɗan ɗakin nan kamar an fasa taya. Kan Youssouf ya yi baya, ya bugi gefen tebur, ya zube a kan tabarmar sallah. Na ukun ya bi shi da kulki a haƙarƙari, ya ƙara, ya ɗora masa gwiwa a baya.

"Youssouf!"

Sunan ya fito da ƙarfin da ya sa har mai kulkin ya dakata. Biba ta durƙusa, ta kama kan ɗanta da hannu biyu. Ba ta san lokacin da wuƙar ta faɗi ba. Wani ya shure ta da takalmi, ta gangara ƙarƙashin gado. Kuncin yaron ya tsage daga ƙasan ido, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunta, idon ya kumbura ya rufe. Ta cire mayafin takabar ta danne wurin, kanta a buɗe a gaban maza uku, ba ta ko kula ba.

"Inna," ya ce, jini a haƙoransa, "mi kika ce?"

"Rufe bakinka."

Na gaban ya ɗaga gilashin hularsa. Ya dubi tabarma, ya dubi hoton Malam Sabo a bango, ya dubi tukunyar da ke kan murhu. Ya yi magana a rediyonsa, ya ce a kawo masu ɗaukar marasa lafiya. Aka amsa cewa ba mai hawowa cikin hayaƙin nan, sai dai a sauko da shi.

Biyu suka kama shi ta hammata. Biba ta tsaya a bakin ƙofar da babu ita. Tun ranar jana'iza ƙafarta ba ta tsallake nan ba. Ta waiwaya ta dubi ƙarƙashin gado, sannan ta dubi jinin da ke ɗiga a kan siminti yana bin matakala. Ta bi jinin. A tsakanin hawa na bakwai da na shida ta rage tafiya, ta dafa bango, ta wuce.

A waje rana ta kashe mata ido. Fili ya cika da fasassun bulo da gilashi, samari a kwance rub da ciki hannu a ɗaure, mata na ihu daga bayan igiyar da aka gitta. An riga an tafi da Ɗan Juma, sai hularsa a ƙasa. Aka ɗora Youssouf a kan gadon motar asibiti.

Sai ga Madam Cécile ta kutso ta ƙarƙashin igiya, gashinta a hargitse, tana tari. Ta kama hannun Biba, ta ga jini, ta saki, ta sake kamawa. Tun safe take nan, in ji ta, an hana ta wucewa. Ta yi magana da sauri, Biba ba ta kama ko rabi ba. Youssouf ne ya fassara daga kwance, da rabin baki.

"Ta ce jiya majalisa ta zauna. Sabuwar doka ta karɓe tsarin gari daga hannunsu, ta ba haɗakar garuruwa. Sai an sake rubutawa daga farko." Ya tofar da jini. "An ɗage rushewar, Inna. Saƙon ne bai kai ga magina ba. Ta ce ta zo ta gaya miki za ki iya ƙare takabarki a ɗakinki."

Biba ta ɗaga kai ta nemi tagarta a cikin jerin tagogin da hayaƙi ya baƙanta. Ta gane ta da labulen da ta ɗinka da kanta. Sannan ta sunkuya ta dubi ƙafafunta, ba takalmi, a kan kwalta.

"Tambaye ta, an ɗage zuwa yaushe?"

Ya tambaya. Cécile ta buɗe hannuwa, idonta ya cika da ƙwalla, ta faɗi 'yan kalmomi. Wannan karon Biba ba ta jira fassara ba.

"Ba a sa rana ba," ta ce. "Haka Malam ke cewa."

Mai motar ya tambaya ko akwai mai rakiya. Ta tattara zanenta ta hau, ta zauna kusa da gadon. Aka rufe ƙofa. Hannunta na dama ya yi ta buɗewa yana rufewa a kan cinyarta, ya saba da riƙe abu. Ta miƙa shi ta kama wuyan hannun ɗanta, motar ta tashi.