Sabon Gidan Sauro a Reshen Tsamiya

Faɗa-wutan da Mainasara ya kwashe rani yana gadi sun fito ranar Laraba, bayan ruwan farko, kuma kafin hantsi duk sun mutu. Ya same su zube cikin gidan sauron da ya ɗaura da hannunsa a reshen tsamiyar gonarsa, bayan garin Taloka.

Tsutsar waɗannan ƙwari ce ke taruwa ta saƙa jaka guda a jikin itace, wadda ake dafawa da toka a kaɗa zaren tsamiya na aikin riga. A da, mahaifin Mainasara daga daji yake kawo jakunkunan, kuma ba ya cire wadda ba ta huje ba, sai masu ita sun fita sun yi ƙwai. Yanzu dajin ba ya shiguwa, bakinsa kuma masu gawayi sun cinye. Jaka biyu da ke kan wannan tsamiya kaɗai Mainasara ya gani a shekarun nan.

Junaidu, malamin daji daga Goronyo, shi ya ce a rufe su saboda tsuntsaye. Mainasara ya ga ba ya sa musu tsumma, sai ya karɓi gidan sauron da aka ba matarsa Sauda a asibiti.

Da azahar Junaidu ya iso a babur. Ya murza ragar, ya shinshina yatsunsa.

"Baba, wanga ina kas samo shi?"

"Na Sauda na. Sabo hul, daga leda na hiddo shi."

"Magani gare shi, Baba. Abin da ka kashe sauro ba ya barin waɗanga."

"Kai kac ce a ruhe."

"Ni na ce. Ban dai ce da mi ba."

Sauda, da ta kawo fura, ta leƙa ta gani, ta dubi Mainasara.

"Ni sauro ya cinye ni, su magani ya cinye su. To, Malam, a ba ni abuna."

Mainasara ya kwance igiyar, ya kakkaɓe ragar, ya miƙa mata.

Ɗaya jakar tana can ƙololuwa, inda tsani bai kai ba, shi ya sa ba a rufe ta ba. Tsuntsaye sun yage gefenta. Mainasara ya aika gida a kawo masa majajjawa, ya zauna a gindin itacen. Har la'asar jakar ba ta huje ba, kuma Junaidu ya ce daga ƙasa ba a iya sanin ko da rai a ciki.