Ranar da Na Ɓuya a Kolon

Saratu, ajiye jakar nan ki zauna, direban da zai kai ni filin jirgi bai iso ba. Kin dame ni da me ya faru, me ya faru. To saurara, don in na bar unguwar nan ta Al Warsan yau ba na jin zan sake ganin Dubai.

Kin san kafin in samu aikin gidan Madam na yi wata takwas a unguwar Deira bizata ta mutu. A can na koyi abu ɗaya: in kika ji jiniya ko kika hango kaki, ki shige rami ki yi tsit. Wadda ta tsaya kallo, sai dai ki ji an mayar da ita gida Kumasi.

To, hutun zafin bana Madam ta ce za su Jamus yawon jirgin ruwa, in bi su saboda wanki da guga. Fasfona yana jakarta, kamar kullum. Rana ta huɗu jirgin ya tsaya a wani gari, Kolon. Aka haɗa mu da wani dogon Bature mai ɗaga lema, yana zagayawa da mu yana ba da labarin yaƙinsu, yaƙin duniya na biyu. Ya nuna mana hoto: gari duk ya zama toka, babban cocinsu kaɗai a tsaye. Ya nuna mana matakala mai gangarawa ƙarƙashin wani gida, ya ce nan mutane ke shiga in jiragen yaƙi sun zo jefa bom, wasu kuma ba su fito ba. Wai wannan ne yawon shaƙatawa!

Madam ta tuna ta bar maganinta a ɗaki. "Yalla, Hamidatu, koma jirgi ki ɗauko. Ki same mu bakin cocin."

Na kama hanya. Ban yi nisa ba sai jiniya ta ko'ina. Motocin 'yan sanda suka tare titi gaba da baya, ana magana ta lasifika da yarensu, ana buga ƙofofi gida-gida, mutane na fitowa ana kora su gefe guda. Innalillahi! Na ce kame ne. Ga ni baƙa, ga mayafi, ba fasfo, ba ko takardar tsire. In aka kama ni, shi ke nan aikina, alhali 'ya'yana biyu suna makaranta da shi.

Wallahi ban yi tunani ba, ƙafafuna ne suka yi. Na gangara wata matakala irin wadda Baturen ya nuna, na tura ƙofa, na shige bayan kekuna da kwandunan shara, na kashe waya don kada ta tona ni.

Na ji takalma sun sauko. Fitila ta haska bango, wata mace ta yi kira sau uku. Na cusa mayafi a baki. Ta tafi, har na yi hamdala, sakarai da ni.

Daga nan sai shiru. Saratu, ban taɓa jin shiru irin wannan ba, da rana tsaka, a gari mai mutane. Ba mota, ba tari, ba kukan yaro. Sai sanyi da warin ƙasa. Na dinga tuna waɗanda suka shiga irin wurin ba su fito ba, ina jin kamar suna zaune gefena. Na karanta duk abin da na haddace. Fitsari ya zubo mini ban ma sani ba.

Sai wajen la'asar na ji motsin mutane, na lallaɓo na fito. Wani tsoho mai gidan ya gan ni, ya dafe kai. Da guntun Turancinsa ya ce bom ne, bom na wancan yaƙin, masu haƙa gini suka tono a layin baya. An kwashe unguwar duka don a kwance shi. Da ya tashi, ni kaɗai zai samu. Ashe matar nan mai fitila cetona ta zo yi.

Na isa jirgi. Madam ta dube ni sama da ƙasa. Tun azahar ta gaya wa masu jirgin da maigidanta cewa na gudu, wai haka muke yi in mun taka Turai.

"Madam, ɓuya na yi."

"Wa kike ɓuyar wa?"

"'Yan sanda."

"Mai gaskiya na ɓuyar wa 'yan sanda? Khalas, magana ta ƙare."

Haka muka dawo Dubai. Shekaranjiya ta sa aka soke bizar aikina.

Ga hon ɗin direba can. Miƙo mini ambulan ɗin nan. Fasfona ne a ciki. Shekara huɗu ina gidanta, sai yau na riƙe shi a hannuna.