'Yar Fari

Madam Karima ta tura wa Mansura 'yan guntayen katako masu launi, ta ce ta jera su yadda ta nuna mata. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta cusa hannuwa cikin hijabi. Uwarta Sahiya, da ke kan benci a bakin ƙofar buron, wato ofishin makarantar, ta ji daɗi har ranta: ga 'ya mai tarbiyya, ba ta taɓa kayan baƙo.

Daga Yamai aka turo Madam, tana zaga makarantun Malbaza tana gwada ƙwaƙwalwar yaran da malamai suka ce sun gaza. Mushe Rabilu, malamin ajin, shi ya ba da sunan Mansura, wai tun da aka buɗe lakwal, wato makaranta, bai ji muryarta ba. Uban kuwa, Abdurrazak, kafin ya ja motar simintinsa zuwa Konni da safe, ya yanke magana: in aka ce yarinyar ba ta da kai, a fidda ta, ga awaki can na jiran mai kiwo.

Madam ta juyo wajen Sahiya. Hausarta ta koyo ce, amma ana ganewa.

"In kin kira sunanta, tana waiwayowa?"

"Ba ni kiran sunanta."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau guda, Madam."

"In kina mata magana, tana kallon idonki?"

"Allah shi kiyaye. Ba ta taɓa ba."

Madam ta rubuta wani abu. "To, me ta fi iyawa a gida?"

Amsa fal bakin Sahiya. Wannan yarinyar ce ke zaunar da ƙannenta ta cika su da tatsuniya har tuwo ya huce. Ita ce ke bin buhunan siminti da aka shimfiɗa a madafa tana karanta baƙaƙen jikinsu. Amma 'yar fari ce. Wace mace mai kunya za ta kama sunan 'yar farinta, balle ta yabe ta, a gaban namiji, abokin mijinta kuma? Ita ma Sahiya 'yar fari ce, uwarta har ta koma ga Allah ba ta yi mata haka ba.

"Wagga?" Sahiya ta kawar da fuska. "Ba ta iya komi ba, sai ci."

Mushe Rabilu yana jingine da taga yana latsa waya. Ɗan garin ne, ya san abin da amsar take nufi sarai, ita ma uwarsa haka take ce da yayansa. Sai dai ajinsa ya cika har bakin ƙofa, in kai ɗaya ya ragu ba zai yi kuka ba. Bai ɗago ba.

Madam ta yi magana da tausasawa, abin da ya fi zafi ke nan. Ta ce akwai alamun jinkirin fahimta, kuma ga alama babu shaƙuwa tsakanin uwa da 'ya. Ta ce wannan ba hukunci ba ne, sai an kai yarinyar birnin Tawa an sake gwadawa.

Babu shaƙuwa. Sahiya ta ji kamar an watsa mata ruwan barkono.

"Madam," ta ce, "ɗiyar hwari ta."

"Ayya, Allah ya raya," in ji Madam da murmushi, ta yafito yaro na gaba.

A waje Mushe ya cim musu. "Na tura ma Abdurrazak yadda an ka yi, kada shi sha wahalar tambaya. Ya ce ba shi da lokacin zuwa Tawa. Gobe ba sai ta taho lakwal ba."

Suka kama hanyar gida, manyan motoci na wucewa suna bule su da farar ƙura. Mansura na gaba, bakinta ya buɗe tun da suka bar lakwal, tana karanta rubutun bayan wata mota da ƙarfi, baƙi bayan baƙi. Sahiya ta bi ƙeyarta da kallo, tana jin haushin kanta. Ta duba, ba wanda ta sani a kusa.

"Mansura," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a harshe.

Yarinyar ta tsaya. Ta dubi mai ƙosai, ta dubi 'yan kabu-kabu da ke ƙarƙashin itacen bedi, ta leƙa ƙetaren titi. Sannan ta juyo, ido a ƙasa kamar yadda aka koya mata.

"Inna, tsaya. Wata na kirana."