Gidan Burodin Mati

"Ni kam ba zan kai wannan saƙo ba," in ji Malam Gwadabe, yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci.

Tun da aka sallame la'asar ake abu ɗaya. Jiya aka sace babur ɗin Habibu, ɗan Alhaji Yahaya, kafin a ankara zance ya bar kan ɓarawo ya koma kan baƙi. Tun da safiyar yau dattawan layin suka yanke cewa duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya tattara ya bar musu unguwa. Da aka duba, a duk wannan gefe na Kambarawa baƙo ɗaya ne: Mati mai gidan burodi, mutumin Tasawa ta Nijar. Tunda kuwa a filin Malam Gwadabe ya gina tandarsa, shi aka ɗora wa faɗa masa.

"Malam, ba mu ce shi ya ɗauka ba," in ji Alhaji Yahaya, yana gyara babbar riga. "Amma mutanen nan ba a san asalinsu ba. Ɗaya ya zauna, gobe ya jawo goma."

"Alhaji, Mati na layin nan aka haifi Habibun. Wane asali kuma kake nema?"

"Ba a nan take ba. Sun tare sana'a, namu 'ya'yan na zaune."

Malam Gwadabe ya zura takalminsa. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya sha zaman taro iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya kai wannan ɓata lokaci ba.

"Cikin masu kwaɓa fulawa a gidan burodin nan, nuna mini wanda ba ɗan layin nan ba. Biyu ma 'ya'yan ƙanenka ne. Da famfon masallaci ya lalace, wa ya kira mai gyara? Mu muna nan muna kafa kwamiti."

Liman ya yi gyaran murya. "A yi haƙuri, Malam. Abin da jama'a suka yanke shi za a bi."

"To jama'a su je su faɗa masa. Ga ƙofarsa can, ba nisa."

Nan take kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Malam Gwadabe ya ja tsaki ya tafi.

Niyyarsa ya shige gida ya kwanta, sai ya hango motar ɗaukar kaya a ƙofar gidan burodin. Ma'aikata na loda farantan gashi, fuskokinsu a murtuke. Mati na tsaye gefe, furfurarsa duk garin fulawa.

Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Sannan Malam Gwadabe ya nuna motar. "Wannan fa?"

"Na ji abin da aka yanke, Malam. Ban son in ja maka magana da maƙwabta. Akwai wani bawan Allah wajen Gobarau da ya ce zai ba ni wuri."

"Wa ya zo ya ce ka tashi?"

"Babu wanda ya zo. Amma an ce."

"An ce." Malam Gwadabe ya girgiza kai. "Matarka Delu fa, me ta ce?"

"Tun azahar take kuka. Ita da aka haifa bayan masallacin nan. 'Yarmu Fadila kuwa tambayata ta yi ko Tasawa za mu, garin da ba ta taɓa gani ba." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Baƙo sai haƙuri, Malam."

"Wallahi kai ma haushi kake ba ni. Can an ishe ni da surutu, nan ka ishe ni da haƙuri. Filin nan nawa ne ko na kwamiti?"

"Naka ne."

"To a sauke kayan nan."

Direba ya fara ƙunƙuni, ma'aikatan ba su ma saurare shi ba, har sun hau saukewa. Malam Gwadabe ya jawo benci ya dasa a bakin ƙofa, daidai hanyar da duk mai zuwa masallaci sai ya bi. Ya sa Mati ya zauna kusa da shi.

Da magariba ta gabato, dattawan suka fara fitowa. Na farko ya tsallaka ɗaya gefen titi. Na biyu ya ɗaga hannu daga nesa. Alhaji Yahaya ne ya rasa ta inda zai kauce, dole ya rage tafiya.

"Mati, barka da yamma. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Alhaji. Allah ya bayyana babur ɗin."

"Amin, amin."

"Alhaji na da saƙo gare ka daga jama'a," in ji Malam Gwadabe.

Alhaji Yahaya ya dubi Mati, ya dubi 'ya'yan ƙanensa da suka tsaya riƙe da faranti suna kallonsa.

"Wane saƙo kuma? Gaisuwa ce kawai," ya ce, ya ƙara sauri.

Mati ya bi shi da kallo har ya shige masallaci. Can ya ce, "Malam, in hura wutar?"

"Hura mana. Da me kake so su karya da safe?"