Maiwar Dada

A gidan su Mansura da ke Sara, duk 'yar da za a kai ɗaki sai kakarsu Dada ta ɗaura mata zangarniya bakwai ta maiwar gidan. Iri ne da suka gada tun kaka da kakanni, ba a samunsa a kasuwa. Sharaɗin ɗaya ne: a rataye shi a saman murhu, hayaƙi ya riƙa dukansa don kada ƙwari su ci.

Da aka kai Mansura Birnin Kudu ita ma an ba ta nata. To amma ita da gas take girki, kicin ɗinta ko ɗigon baƙi babu. Ta dubi zangarniyar nan, ta ga idan ta rataye ta baƙi za su yi mata dariya. Sai ta ɗauke ta hoto, ta naɗe a leda, ta tura ƙasan akwati da niyyar kai wa maƙwabciya mai murhun itace idan ta samu sarari.

Sararin bai samu ba. Aikinta rubuta manhaja ne, kuma a lokacin wata ƙungiyar manoma ta ba ta aikin haɗa wadda za ta adana sunayen irin shuka na gargajiya. Kullum tana gaban kwamfuta, ta gyara nan, can ya ɓalle. Abu na farko da ta shigar ciki ma maiwar Dada ce, da hotonta da bayanin yadda ake ajiye ta.

Damina biyu ta wuce. A ta biyun ruwa ya kwanta a gonar gidansu da ke Sara, ya kuma rushe rumbun da irin yake ciki. Da bazara ta kawo jiki sai ga yayanta Ƙasimu a kan babur.

"Injiniya, Dada ta aiko ni in karɓo irin maiwarta, na 'yan uwanki duk ya ƙare. Na Hapsatu kaji sun cinye, Murja kuwa ta yi kunu da nata tana jego. Ke kaɗai kika rage. Ta ce mai ilimi ba ta wasa da ajiya."

Mansura ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin. Tana kwance ledar gari ya zubo mata a cinya, ƙananan ƙwari suna yawo a ciki. Ta murza zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu ƙwaya ko guda mai nauyi ba.

Ba ta yarda Ƙasimu ya kai saƙon ba, ta hau bayansa suka tafi Sara.

Sun tarar da Dada a gindin murhu tana gyara wuta. Mansura ta durƙusa ta miƙa mata ledar. Tsohuwar ta zuba garin a tafin hannu, ta kai hanci.

"Ba ƙanshin hayaƙi," in ji ta.

"Dada, na rubuta komai a kwamfuta. Har hotonta ina da shi."

"Nuna mini."

Mansura ta buɗe wayarta. Dada ta matso da ita dab da idonta, ta daɗe tana kallo, tana shafa gilashin da babban yatsa.

"Ita ce kuwa. Kin ga jan gashin nan nata? Ƙasimu, gobe ka je kasuwa ka auno mana irin da kowa yake shukawa."

Ta miƙa wa Mansura wayar, ta kaɗe garin cikin wuta.