Lasifikar Barau

"Kashe ta, Malam," in ji jami'in, yana nuna lasifikar da ke ɗaure a saman motar.

Barau ya zura hannu ta taga ya murɗe, muryarsa da ta cika kasuwar Gummi ta yanke a tsakiyar kalma. A tsallaken hanya, Makau yana bayan teburinsa na sassaƙe da saiwoyi. Sai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa kamar ya sha ruwan randa.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Wurin tsoho ɗaya suka koyi haɗa magani, daji ɗaya suke shiga saran itace kafin dajin ya gagari shiga. Abin da ke cikin kwalaben Barau shi ne a ƙullin Makau. Murya ce kawai Allah ya ba ɗaya ya hana ɗaya. In Barau ya buɗe baki, mai lafiya ma sai ya fara laluben inda ke masa ciwo. Da muryar nan ya sayi mota, ya yi wa gidansa rufin kwano, Makau kuwa yana nan yana kore ƙuda daga tebur.

Jami'in, wanda ya zo daga hukumar da ke kula da tallace-tallace, bai ɗaga murya ba. Ya ce yanzu doka ta hana a saka tallar magani a lasifika ko rediyo ko waya sai an gwada maganin, an kuma duba kalmomin tallar an amince.

"Ka ce maganinka yana wanke gubar dalma daga jinin yaro. Wa ya gwada ya gani? Matan Duza da Tungar Daji suna jin ka, su saya su koma gida, yaran ba su ga asibiti ba."

"Ranka shi daɗe, ni kaina shi nika sha," in ji Barau.

"Shan ka ba gwaji ba ne. Ka kawo a duba."

Makau ya gyara ƙullin magungunansa, yana jiran jama'a su tsallako. Ba wanda ya tsallako. Bayan tafiyar jami'in sai aka ƙara yanyame motar ana yi wa Barau jaje, shi kuma ya hau kan bonet ɗin motar yana ba su labari da bakinsa, suna dariya suna saye.

"An kashe ma Barau lasifika, amma dud da haka wurinai suka tahi," Makau ya gaya wa matarsa Turai da ya dawo gida.

"Kai dai ci tuwonka, Malam. Barau bai ɗauki komi naka ba."

Da damina ta sauka ƙafafun Barau suka kumbura. Ya yi ta shan kwalabensa, kumburin yana hawa. Da ƙyar matarsa Saratu ta shawo kansa aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ce ƙoda ce, kuma an makara. Aka dawo da shi gida. Motar ta zauna a ƙofar gida har ciyawa ta fito a gindin tayoyinta.

Makau yana leƙa shi kamar yadda maƙwabtaka ta ce, sai dai ba ya daɗewa. Kullum ɗakin cike yake da masu dubiya, wannan da fura, wancan da ƙwan zabi. Shi da ya kwanta zazzaɓi bara, ban da Turai da liman ba wanda ya taka ƙofarsa.

Wata safiya Saratu ta yi sallama ta kan katanga, ta ce maigidan yana neman sa. Ya tarar da Barau jingine da filo, fuskar ta cika ta yi sheƙi, muryar nan ta koma zare.

"An yarda da sabuwar talla, Makau. Sun cire dalma, sun cire warkarwa. Sunan magani kaɗai, da inda aka samun shi, da cewa in ciwo ya ƙi a tahi asibiti." Ya tsaya ya ja numfashi. "Sun yi daidai, wataƙila. Ga ni nan ai. To ni murya ta ƙare. Kai nika so ka ɗauka."

Ya tura masa waya don a naɗi muryarsa. Makau ya riƙe ta da hannu biyu. Tun suna samari yake mafarkin jin kansa a lasifika. Ya gyara murya ya faɗi kalmomin da ƙarfi.

Barau ya girgiza kai. "Awa mai cigiyar akuya. Kar ka yi ma kasuwa magana. Mutum guda za ka zaɓa, tsohuwa wadda ta taho da nisa, ka yi mata."

Sai ya faɗi kalmomin da kansa, a hankali, da ɗan abin da ya rage masa. Kalmomi ne busassu, ba alkawari ko ɗaya a ciki, amma Saratu da ke wanke-wanke a tsakar gida ta tsaya cak da kwano a hannu. Makau ya dubi Barau. Mutum yana bakin kabari, kuma har yanzu ya fi shi.

Suka yi ta maimaitawa har Barau ya ce, "To, ta yi," ya lumshe ido.

Ranar kasuwa Musbahu, ƙanen Saratu, ya tada motar, Makau ya zauna a gaba. Muryarsa ta tashi a kan rumfuna. Mutane suka taso da sauri, suka leƙa cikin motar, fuskokinsu suka sauya.

"Ina mai ita?"

"Wagga murya ta wa ce?"

Suka tambayi jikin Barau, suka yi addu'a, suka watse. Wata tsohuwa da ta zo daga Zugu a kan babur ta miƙo masa kaza ɗaure da ƙafa. "Ɗana, kai mai wagga, a yi mai romo." Ko sunansa ba ta tambaya ba.

Barau bai kai wata kasuwar ba. Da hantsi Makau yana shanya saiwoyi ya ji salatin Saratu daga bayan katanga, ya zubar da faifan ya fita ba takalmi. Liman ya ce mamacin ya bar wasiyya maƙwabcinsa ya yi masa wanka. Makau ya yi, yana mamakin yadda jikin ya yi nauyi.

Kafin azahar lungun ya ƙi ɗaukar jama'a. Babura suka yi ta shigowa daga Anka da Bukkuyum da ƙauyukan da mutane ke tsoron hanyarsu. Sahu ya fita har bakin titi. Ana tsaye za a tada kabbara, Makau ya kama kansa yana waige, yana auna tsawon sahun, yana tunanin in shi ne a kwance ko za a cika ƙofar gida. Ya yi istigfari ya sunkuyar da kai. Can kuma ya sake waigawa.

Shi ya shiga kabarin ya karɓi gawar. Da aka dawo zaman makoki, kowa da labarinsa na Barau, wasu har suna kwaikwayon tsohuwar tallarsa a ƙasa-ƙasa, suna murmushi da hawaye a ido. Makau ya zauna a gefen tabarma yana amsa gaisuwa, ana ce masa, "Kai ka yi rashi, Malam, kai aka bari." Yana cewa, "Haka ne."

Da la'asar ya shiga gida. Turai ta ajiye masa buta da kwanon abinci. Ya tsuguna yana wanke hannu, jar ƙasar maƙabarta ta maƙale a ƙarƙashin faratansa. Ya tsinko tsinken tsintsiya yana cire ta a hankali. Daga bayan katanga ana jin ƙarar shimfiɗa wasu tabarmi, wani babur kuma ya tsaya a ƙofa.